Sanƙarau a Potiskum: Asalin Ƙwayar Cutar da Sinadarin Kwansonta

Sanƙarau na cikin cututtukan da mutanen Arewa suka san sunansu suka kuma san lokacinsu, domin da zarar hunturu ya yi nisa, iska ta bushe, ƙura ta turnuƙe, bazara ta fara matsowa, hankalin iyaye da malaman makarantu da ma'aikatan asibiti yakan tashi. A watan Fabrairu na 2024 abin da ake gudu ya auku a Potiskum, inda cutar ta shiga makarantun kwana, aka ba da rahoton rasuwar ɗalibai kimanin 20 a garin da kewayensa, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa daga 1 ga Oktoba 2023 zuwa 11 ga Maris 2024 an samu mutum 1,742 da ake zaton sun kamu, 153 suka rasu, a jihohi bakwai da suka haɗa da Yobe da Jigawa da Bauchi da Gombe. Tambayar da ta fi damun iyaye a lokacin ita ce yadda yaron da aka yi wa allurar sanƙarau zai kamu da sanƙarau, kuma amsarta tana cikin wani fanni na ilimi da ba kasafai ake kawo shi gidan rediyo ba, wato rabe-raben ƙwayoyin cuta da sinadaran da aka gina jikinsu da su.

Abin da ake kira sanƙarau shi ne kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma ƙwayoyin cuta iri-iri na iya haddasa shi, ciki har da Streptococcus pneumoniae wadda ke kawo ciwon huhu, da Haemophilus influenzae wadda ta fi kama ƙananan yara. Amma wadda ke tayar da annoba, ta kwantar da unguwa ko makaranta cikin 'yan makonni, ita ce Neisseria meningitidis. Bakteriya ce, wato halitta mai ƙwayar rai guda ɗaya wadda ido ba ya gani, kuma ƙanƙantarta ta kai a jera kimanin 1,000 kafin su cika milimita ɗaya. A ƙarƙashin madubin likita ana ganinta bibbiyu, kamar ƙwayar wake biyu da aka haɗa cikinsu wuri guda, sau da yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini da suka haɗiye ta. Wannan siffa ce ta sa Anton Weichselbaum, likitan birnin Biyana wanda ya fara ware ta daga ruwan lakar marasa lafiya a 1887, ya ba ta suna mai nufin 'yar bibbiyu da ke zaune cikin ƙwayar jini. Daga baya aka mayar da ita cikin zuriyar Neisseria, wadda aka raɗa wa sunan Albert Neisser, Bajamushen da ya gano ƙwayar ciwon sanyi a 1879.

Tsarin ba halitta suna biyu, na farko na zuriya na biyu na jinsi, ya samo asali daga Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin a ƙarni na 18, amma da wuya a yi amfani da shi a kan bakteriya ta hanyar kallo kawai, tun da dubban jinsuna kamarsu ɗaya a ƙarƙashin madubi. Saboda haka masana suka koma ga sinadarai: wane rini ƙwayar ke riƙewa, wane sukari take ci, da me aka gina bangonta. Tun daga aikin Carl Woese a 1977 kuma aka ƙara da kwatanta ƙwayoyin gado, wato saƙon da ke rubuce cikin DNA. A bisa wannan ma'auni an sanya Neisseria meningitidis a dangin Neisseriaceae, cikin ajin Betaproteobacteria, kuma 'yar'uwarta mafi kusa ita ce Neisseria gonorrhoeae ta ciwon sanyi. Akwai kuma Neisseria lactamica, wadda ke zaune lafiya a maƙogwaron ƙananan yara ba tare da ta cutar da su ba, har ma ana ganin tana taimaka wa jiki ya koyi kare kansa daga mai cutarwar. A ɗakin gwaji ana bambance su ta abincinsu: ta ciwon sanyi gulukos kaɗai take sarrafawa, ta sanƙarau gulukos da maltos, ta maƙogwaron yara kuma tana ƙarawa da laktos, sukarin da ke cikin madara.

Gwajin da ya fi kowane tsufa, wanda kuma har gobe shi ne matakin farko a kowane asibiti mai madubi, shi ne rinin Gram, wanda Hans Christian Gram ɗan ƙasar Denmak ya fito da shi a 1884. Ana ɗiga ruwan laka a kan gilashi a busar, a zuba rini mai launin shunayya, a bi shi da aidin domin ya kama, sannan a wanke da sifirit na ɗan lokaci kaɗan, a ƙarshe a zuba jan rini. Bakteriyar da ke da bango mai kauri takan riƙe shunayyar duk da wankin, wadda bangonta siriri ne kuma takan saki, ta ɗauki jan. Ƙwayar ciwon huhu tana cikin masu riƙewa, ta sanƙarau tana cikin masu saki, don haka cikin mintuna kaɗan ma'aikacin ɗakin gwaji a Potiskum zai iya faɗa wa likita wacce ce daga cikin biyun ta fi yiwuwa, ba tare da ya jira sakamako daga Damaturu ko Abuja ba. Bangon da ke haifar da wannan bambanci sunansa feftidogilaikan, saƙa ce ta sarƙoƙin sukari da aka ɗaure da gajerun sarƙoƙin furotin, kuma shi ne ke hana ƙwayar fashewa. Magungunan dangin fenisilin, da seftiriyazon wanda ake amfani da shi a lokacin annoba, aikinsu shi ne hana ƙwayar ɗinke wannan bango, kuma da yake jikin ɗan Adam ba shi da irinsa, maganin yana kashe ta ba tare da ya rusa ƙwayoyin jikin majiyyaci ba.

A bayan wannan siririn bango akwai wani tantani na waje, wanda masu sakin rinin Gram kaɗai ke da shi, kuma a nan gubar ƙwayar take. Sinadarin da ya cika fuskar tantanin haɗi ne na kitse da gajeren sukari, kuma ɓangaren kitsen, wanda masana ke kira lifid A, shi ne ke tunzura garkuwar jiki ta yi tashin da ya wuce kima. Ƙwayar sanƙarau ta bambanta da yawancin takwarorinta wajen yawan fitar da ƙananan ƙuraje daga wannan tantani, waɗanda ke ɓallewa su bi jini ɗauke da gubar. Sakamakon haka jijiyoyin jini sukan fara yoyo, bugun jini ya faɗi, jini ya riƙa daskarewa a wasu wurare yana tsiyaya a wasu, kuma a nan ne ake ganin ɗigo-ɗigon duhu a fata waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna su. Wannan ne dalilin da ya sa yaron da ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai da safe zai iya fita hayyacinsa kafin dare. Idan ba a yi magani ba, cutar na iya kashe rabin waɗanda ta kama; ko da an yi, kimanin ɗaya cikin 10 kan rasu, kuma daga cikin waɗanda suka tashi, 10 zuwa 20 cikin 100 kan rayu da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta. Waɗannan yara ba sa shiga ƙidayar mamata, shi ya sa ake saurin mantawa da su, alhali iyalansu ne ke ɗauke da nauyin annobar shekaru bayan ta wuce.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci ga mai karatu shi ne rufin da ke can waje da komai, wato kwanson ƙwayar. Kwanson dogayen sarƙoƙi ne na sukari da suka lulluɓe ta, suna hana ta bushewa yayin da take tafiya cikin tari ko atishawa daga wani zuwa wani, suna kuma hana fararen ƙwayoyin jini da sinadaran garkuwa kama ta. Ƙwayar da ba ta da kwanso kusan ba ta iya rayuwa cikin jinin mai lafiya, sai dai ta zauna a maƙogwaro. Da yake ba sukari iri ɗaya ne kowace ke saƙa kwansonta da shi ba, masana sun raba jinsin zuwa rukunai 12 bisa ga irin sukarin, kuma shida daga ciki, wato A da B da C da W da X da Y, su ne ke haddasa kusan dukkan cutar a duniya. Kwanson rukunin A an gina shi da wani sukari dangin manos haɗe da fosfet, na rukunin X da wani dangin gulukos haɗe da fosfet. Sauran huɗun duka sun dogara ga sinadarin da ake kira sayalik asid: rukunin W yana haɗa shi da galaktos, rukunin Y da gulukos, B da C kuma sayalik asid ne zalla.

Bambancin B da C ya cancanci a dakata a kansa. Sukarinsu ɗaya ne, ba ƙari ba ragi, abin da ya raba su kawai shi ne wurin ɗauri, domin a rukunin B kowace ƙwayar sukari tana maƙale da ta gaba a kan kabon na takwas, a rukunin C kuma a kan na tara. Wannan tazara ta kabon guda ta isa ta canza lanƙwasar sarƙar gaba ɗaya, ta yadda antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa domin ya kama wata siffa takamaimai, wanda ya dace da ɗaya ba zai kama ɗayar ba. Haka kuma ɗaurin rukunin B ya zo daidai da na wani sinadari da ke kan ƙwayoyin jijiya na ɗan Adam, musamman na jariri a ciki, don haka jiki yana ɗaukarsa nasa ne, ba ya yaƙarsa sosai. Shi ya sa ba a iya yin allurar rukunin B daga kwansonsa ba, sai daga furotin ɗin tantanin waje, kuma aka daɗe kafin a same ta. Idan tazarar kabon ɗaya ta yi wannan tasiri, ba abin mamaki ba ne a ce allurar da aka yi daga sukarin rukunin A ba ta da wani amfani a kan rukunin C, wanda sukarinsa dabam ne tun daga tushe. Yaron da aka yi wa allurar A ya samu kariya ta gaskiya, amma daga A kaɗai.

Tarihin annobar a wannan yanki ya bi waɗannan haruffa daki-daki. An rubuta ɓarkewar farko a Arewacin Najeriya a 1905, a Zungeru, kuma a 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar abin da ake kira zirin sanƙarau, yankin da ya miƙe daga Sanagal zuwa Habasha, wanda a yau ya shafi ƙasashe 26, Yobe kuma tana tsakiyarsa. A shekarun 1970 Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi bincike mai zurfi a kan yadda cutar ke bin lokacin rani tana yankewa da saukar ruwan sama. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar da ke zaune a wurin ta samu ƙofar shiga jini. Domin a kowane lokaci akwai mutane da yawa, kimanin 5 zuwa 10 cikin 100, da ke ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da sun sani ba, kuma adadin yakan ƙaru inda aka cunkushe. Maganar da aka saba yi cewa zafi ne ke kawo sanƙarau tana da ƙamshin gaskiya ta wannan fuska, amma zafi ba ya haifar da ƙwaya. Abin da yake yi, tare da ƙura da cunkoson ɗakin kwana, shi ne buɗe mata hanya.

Kusan ƙarni guda rukunin A ne ke da alhakin fiye da kashi 80 cikin 100 na annobar zirin. Mafi muni ita ce ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka ta kashe kimanin 25,000, kuma a Najeriya kaɗai an ƙirga sama da 100,000 da suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Allurar da ake da ita a lokacin, wadda ta samo asali daga aikin Emil Gotschlich a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, sukarin kwanso ne tsagwaronsa, kuma tana da rauni uku: ba ta aiki sosai ga yaran da ba su kai shekara biyu ba, kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro. Dalilin shi ne jiki ba ya ajiye dogon tunani a kan sukari idan ya zo shi kaɗai. Maganin wannan matsala shi ma na sinadari ne: a ɗaure sukarin a jikin wani furotin da jiki ke ganewa da kyau. Haka aka yi MenAfriVac, inda aka ɗaure sukarin rukunin A da furotin ɗin allurar tetanus, aikin haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH da kamfanin Serum Institute of India, a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. An fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka yi ta a jihohin Arewacin Najeriya tsakanin 2011 da 2014, aka kuma shigar da ita jerin alluran yara na yau da kullum a 2019. Rukunin A ya kusa ɓacewa gaba ɗaya daga zirin, kuma wannan nasara ce da ta cancanci a faɗe ta da babbar murya, musamman a yankin da ake yawan shakkar allura.

Amma sauran haruffan ba su tafi ko'ina ba. Rukunin W ya ɓulla tsakanin mahajjata a 2000, ya bi su gida, sannan ya haddasa babbar annoba a Burkina Faso a 2002, ɓullarsa tsakanin mahajjata kuma ita ce ta sa hukumomin Saudiyya suka wajabta wa maniyyata allurar da ta ƙunshi A da C da W da Y, wadda duk alhajin da ya tashi daga Yobe ya san katinta. Rukunin X ya yi ɓarna a Nijar a 2006, a lokacin da babu wata allura tasa a duniya. Rukunin C kuma, wanda da ba a ɗauke shi babbar barazana a zirin ba, ya bayyana a jihohin Sakkwato da Kebbi tsakanin 2013 da 2014, ya tsallaka Nijar a 2015 inda ya kama mutum sama da 8,000, sannan a 2017 ya dawo da ƙarfi a Zamfara da Sakkwato da Katsina, aka ƙirga sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Shi ne kuma aka tabbatar a ɓarkewar 2024 da ta shafi Yobe.

Inda wannan sabon C ya fito darasi ne a kan iyakar rabe-raben haruffa. Ƙwayar sanƙarau tana da wata baiwa da ba kowace bakteriya ke da ita ba, wato tana iya tsintar guntayen DNA da 'yan'uwanta suka zubar a maƙogwaro ta saka su cikin nata. Idan guntun da ta tsinta ya ƙunshi umarnin saƙa kwanso, sai ta fito da sabon kwanso, ta koma wani rukuni alhali cikinta bai canza ba. Saboda haka harafi yana faɗin irin kwanso ne kawai, ba ya faɗin asali. Domin gano asali, Martin Maiden da abokan aikinsa suka fito da wata hanya a 1998, wadda aka fara gwadawa a kan wannan ƙwaya, inda ake karanta ƙwayoyin gado guda bakwai masu kula da ayyukan yau da kullum na ƙwayar, waɗanda ba sa saurin canzawa, sai a ba kowane haɗi lamba. Da aka karanta C ɗin Sakkwato sai aka ga lambar da ba a taɓa gani ba, aka sa mata ST-10217, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ta samo asali ne daga wata ƙwaya marar kwanso, mai zaman lafiya a maƙogwaron mutanen Afirka ta Yamma, wadda ta tsinci umarnin kwanson C da wasu ƙwayoyin gado masu ƙara mata illa. Ma'anar wannan ita ce sabuwar annoba ba lallai ne a shigo da ita daga wata nahiya ba, tana iya tasowa daga cikin abin da ke zaune a yankin tun da daɗewa, kuma babu mai gane ta sai ɗakin gwaji.

Allurar da aka kawo bayan abin da ya faru a 2024 an tsara ta ne da wannan tarihi a zuciya. Sunanta Men5CV, ana kuma kiranta MenFive, kamfanin Serum Institute of India ne ya yi ta tare da PATH, ta samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Yuli na 2023, kuma ta haɗa sukarin rukunai biyar, A da C da W da Y da X, kowanne a ɗaure da furotin. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita, a watan Maris na 2024, inda aka nufi mutum sama da miliyan ɗaya 'yan shekara 1 zuwa 29. Ita ce allura ta farko da ta ƙunshi X. Ba ta ƙunshi B ba, wanda ya fi yawa a Turai kuma ba ya cikin manyan masu tayar da annoba a zirin, haka nan ba ta kare mutum daga sanƙarau na ƙwayar ciwon huhu ko na Haemophilus, waɗanda allurarsu dabam ce kuma tana cikin jerin da ake yi wa jarirai a asibitin sha-ka-tafi. Don haka uwar da aka ce mata ta kawo ɗanta a yi masa sabuwar allura, ta amsa cewa ai an riga an yi masa, tana da hujja a bisa abin da aka gaya mata a baya. Laifin na masu wayar da kai ne da suka riƙa cewa allurar sanƙarau a dunƙule, ba su bayyana cewa iri-iri ce ba. Gyaran ba shi da wuya: a riƙa faɗin haruffan a bainar jama'a, a masallaci da kasuwa da taron iyayen yara, a kuma rubuta su a katin kowane yaro.

Potiskum tana da dalilai na musamman da za su sa a ɗauki wannan magana da muhimmanci. Gari ne na mahaɗar hanyoyi, inda titin Kano zuwa Maiduguri ya haɗu da na Bauchi da na Gombe da na Gashuwa, kasuwar shanunta tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, tana tara fatake da direbobi daga jihohi da ƙasashe maƙwabta, kuma tana da makarantun kwana da tsangayu masu ɗimbin yara. Ƙwayar ba ta rayuwa a jikin dabba, mutum kaɗai ne masaukinta, har ƙarfen da take buƙata daga furotin ɗin jinin ɗan Adam kaɗai take iya fizgo shi, saboda haka shanun kasuwa ba su da hannu a ciki. Abin lura shi ne taron mutane da wurin kwanansu. Ɗakin kwanan da aka gina domin ɗalibai 40 aka zuba ninkinsu, aka toshe tagoginsa saboda sanyin hunturu ko sauro, shi ne wurin da ƙwaya ɗaya ke zagaya maƙogwaro da yawa cikin 'yan kwanaki, tun da daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kwana 2 ne zuwa 10.

Duk wannan ilimi na rukunai da lambobi ya rataya ne a kan abu guda, wato samun ruwan laka daga majiyyaci. Ana ɗebo shi da siririyar allura daga ƙasan gadon baya, a wurin da laka ta riga ta ƙare, kuma abin da ake ɗauka kaɗan ne wanda jiki ke mayarwa cikin sa'o'i. Da yawa daga cikin iyalai suna ƙin yarda, saboda sun ga an yi wa wani ya mutu ko ya shanye, suka ɗora wa allurar laifin abin da cutar ta yi. Wannan tsoro abin fahimta ne, kuma wajibi ne ma'aikacin lafiya ya zauna da uba ko uwa ya yi bayani cikin harshen da suke ji, Hausa ne ko Bolanci ko Ngizimanci ko Karekare, maimakon ya miƙa takarda a sa hannu. Ruwan mai lafiya garai yake, na mai sanƙarau kuma yakan fito a gurɓace, wanda ido ma kan gani tun kafin a kai shi madubi. Amfanin gwajin bai tsaya ga majiyyacin ba, domin allurar gaggawa ana ajiye ta ne a rumbu na duniya, kuma ba a sakinta sai ƙasa ta nuna da shaidar ɗakin gwaji wane rukuni ne ke yawo. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda an shiga matakin faɗakarwa, idan suka kai 10 an shiga annoba, kuma kowane mako da aka ɓata ba tare da sanin harafin ba, mako ne da allura ba za ta taso ba.

Ƙwayar da ke da wannan ƙarfi a cikin jini kuma rarrauna ce ƙwarai a wajensa. Sanyi yana kashe ta, bushewa tana kashe ta, har ma takan narkar da kanta da sinadaran da ke cikinta idan aka bar ta a kwalba. Saboda haka ruwan da ake so a shuka domin ƙwayar ta tsiro ba a sa shi a firji; ana kai shi ɗakin gwaji cikin sa'a guda, ko a zuba shi a wata kwalba ta musamman mai abincin ƙwayar a ciki, wadda ake kira Trans-Isolate, a riƙe ta a ɗumin ɗaki har ta isa. Kason da za a karanta DNA ɗinsa ne ake sanyayawa, tun da wannan gwaji ba ya buƙatar ƙwaya mai rai, kuma shi ne ke ceto sakamako idan an riga an ba majiyyaci magani, abin da ya zama dole domin ba a jinkirta seftiriyazon saboda jiran gwaji. Daga Potiskum samfur yakan yi doguwar tafiya kafin ya kai babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, da ke Gaduwa a Abuja, kuma abubuwan da wannan tafiya ke buƙata, wato allurar ɗebo ruwa, da kwalaben Trans-Isolate waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba, da rinin Gram, da kuɗin mota, da ma'aikacin da ya san wanne ake sanyayawa wanne ba a sanyayawa, ya kamata su kasance a asibitocin Potiskum da Fika da Nangere tun watan Nuwamba, kafin hunturu ya kankama.